Yadda ake haɗa daren kallon Disco Dancer a gida, kowa da bakinsa a ciki

Duk wanda ya taɓa zama kusa da kawuna ana kallon fim ɗin Indiya ya san bawan Allahn nan ba ya iya yin shiru. Bos ya fito sai ka ji ya ce "Allah wadaran ka", akta ya juya baya sai ya miƙe tsaye yana "kai duba bayanka mana!" kamar ana jiyo shi a Bombay. Da muna yara ba mu gane ba, sai da na girma na fahimci ai haka suka koyi kallo tun asali, a silima irin su Plaza da Orion da Wapa da Marhaba a Kano, mutane ɗaruruwa a fili sararin sama a buɗe, ana tafi ana fito ana bin waƙa ko da ba a san me take cewa ba. Mu kuma yanzu kowa ya dunƙule da wayarsa da abin ji a kunne, ka cinye fim ɗin awa uku ba wanda ya ji ko tarinka. Abin nan ya daɗe yana damuna gaskiya, shi ya sa na fara haɗa daren kallo a tsakar gidanmu, kuma ga yadda nake yi daki-daki ga duk mai son gwadawa.

Ba mu kaɗai muka san daɗin irin wannan kallo ba. A Amurka akwai wani fim na waƙe-waƙe mai suna The Rocky Horror Picture Show da ya fito a 1975, da farko bai yi kasuwa ba, sai a 1976 wata silima a birnin New York ta fara haska shi da tsakar dare, mutane suka riƙa komawa duk mako har suka haddace shi, suka fara mayar wa 'yan wasan magana, suna zuwa da shigar 'yan fim ɗin, suna watsa shinkafa a wurin ɗaurin aure, suna ɗora jarida a ka idan an nuna ruwan sama. Har yau ana yi. Sai dai fim ɗin kansa ba na tsakar gidanmu ba ne ko kaɗan, abin da ke cikinsa ba za ka kalla da ƙannenka ba balle iyaye. A Landan kuma tun 1999 ake haska The Sound of Music da baitocin waƙa a rubuce a ƙasan allo, ana raba wa kowa 'yar jaka da kayan wasa a ƙofa, ana rerawa tare. Dabarar na ɗauka a wurinsu, wato a shirya wa 'yan kallo nasu aikin tun kafin a kunna. Fim kuwa muna da namu da muka gada.

Zaɓen fim shi ne farko kuma nan mutane suka fi yin kuskure. Kar ka ɗauko sabon fim wai don kowa ya ga abin da bai taɓa gani ba, wanda bai san labari ba shiru zai yi yana bin labari, in ka yi magana ma haushinka zai ji. Ana son fim ɗin da rabin mutanen wurin sun san shi kamar yunwar cikinsu, labarinsa miƙaƙƙe, bos ɗinsa ba ya ɓuya, waƙoƙinsa na da wurin da za a amsa. Ni dai a wurina babu kamar Disco Dancer na 1982. Wani mai suna Babbar Subhash ne ya ba da umarni, Mithun Chakraborty ne akta, Bappi Lahiri ya yi kiɗan, kuma tsawonsa awa biyu ne da 'yan mintuna, ba kamar Sholay ba da ya haura awa uku, wanda in ka sa shi bayan isha'i yara duk sun yi barci kafin a kai rabi. Kuma fim ne da ya zaga duniya fiye da yadda muke zato, a tsohuwar Tarayyar Sobiyet mutum sama da miliyan 60 suka shiga silima suka kalle shi, sannan a 2022 lokacin kullen korona a Sin mutane suka riƙa ɗora bidiyo da waƙar fim ɗin da ake kiran sunan akta, Jimmy, suna nuna tukunya wayam, saboda sautin sunan ya yi kama da "a ba ni shinkafa" a yarensu. Irin wannan labarin ka riƙe shi, zai yi maka amfani wajen buɗe taro.

To da ka tsayar da fim, ka zauna kai kaɗai ka kalle shi daga farko har ƙarshe da biro da takarda. Kar ka ce ai na san shi, sanin da ka yi masa kana ɗan shekara goma daban ne da sanin mai masaukin baƙi. Abu biyu kake nema. Na ɗaya wuraren da za a yi amshi, ka rubuta mintin kowanne. Na biyu wuraren da za ka tsallake. A wannan fim ɗin akwai waƙa guda da ake kiran sunan abin bautar Hindu, ni tsallake ta nake yi gaba ɗaya don ba na son yara su tashi da safe suna rera abin da ba su san ma'anarsa ba, akwai kuma wuraren shaye-shayen Sam ɗan gidan bos da wasu raye-raye da suturar ba ta kai ba. Kowane gida da ma'auninsa, amma ka yanke hukuncin tun kana kai kaɗai, ka rubuta daga minti kaza zuwa minti kaza, ba sai abu ya bayyana a bango gaban Baba kana lalubar rimot hannu na rawa ba. Kuma ka sauke fim ɗin ya zauna a kwamfuta ko filashi, kwafi mai kyau daga inda ya halatta, kar ka dogara da netwok a daren, don netwok bai san kana da baƙi ba.

Akwai muhawarar da kullum sai an yi, a sa mai fassarar Hausa ko a sa na asali. Ina son fassara, ta kawo wa mutane da yawa fahimtar abin da a da sai dai hasashe. Amma a wannan dare na asali nake sawa. Dalili kuwa mai fassara ya riga ya yi duk barkwancin da ya kamata 'yan kallo su yi da bakinsu, ya cike gurbin, kuma wasu kwafin ma an datse waƙoƙin, alhali mu waƙar muka zo yi. Abin da ya fi shi ne ka samu mutum ɗaya a cikinku da ya san labarin, galibi a cikin manya ake samu, ya riƙa jefa bayani a taƙaice inda ya kamata. Za ka sha mamakin yadda wata gwaggo da ba ta taɓa shiga ajin Indiyanci ba za ta fassara maka magana tsaf, shekara arba'in tana kallo ai ba wasa ba.

Sai maganar waɗanda za a gayyata. Mutum 15 zuwa 25 ya isa. In ba su kai goma ba kowa kunya zai riƙa ji ya ɗaga murya, in sun haura talatin kuma ya zama biki, ba ka iya riƙe shi. Ka tsayar tun farko wane irin zama ne, na dangi ne, ko na mata zalla, ko na abokai maza, kar ka cakuɗa baƙin da ba su san juna ba cikin duhu, wannan neman magana ne a unguwa kuma su kansu ba za su sake ba. Ni na dangi na fi so, kuma dole sai na tabbatar akwai manya aƙalla biyu ko uku da suka kalli fim ɗin a zamaninsa, akwai kuma yara. Manya ke kawo tarihi, yara ke kawo rashin kunyar rawa, matasan tsakiya kuwa in ka bar su su kaɗai waya za su yi ta dannawa. Ka buɗe guruf a WhatsApp mako biyu kafin ranar, ka faɗi rana da lokaci da irin shigar da ake so, ka tura waƙoƙi biyu ko uku a riƙa ji a gida. Kuɗin mai da na abinci a yi karo-karo tsakaninku, amma kar ka yanka tikiti ko ka karɓi kuɗin ƙofa, da ka yi haka ka koma gidan kallo, shi kuma yana da nasa dokoki da lasisi, a Kano ma akwai hukumar tace fina-finai da ke kula da wannan.

Lokaci kuma bayan sallar isha'i, ba kafin ba, don kar ka kunna a tashi a dawo zafin abin ya huce. Daren Juma'a ko na Asabar ya fi saboda 'yan makaranta. Ka duba kar ya faɗo daren babban wasan ƙwallo, samari za su yi maka alƙawari su ɓace. Da damina tsakar gida caca ce, hadari na iya haɗowa cikin minti goma, don haka ko ka tanadi falo ko ka bari sai kaka zuwa farkon sanyi, lokacin da dare ke da daɗi sauro ya ragu, kowa ya zo da ɗan bargonsa. Kuma don Allah ka shiga gidajen maƙwabta da kanka kwana ɗaya kafin nan, ka ce Baba gobe za mu ɗan yi hayaniya da yara zuwa sha ɗaya, in da mara lafiya ko jariri a faɗa mana mu rage. Wannan 'yar sallamar ta fi duk wani haƙuri da za ka bayar washegari, sau da yawa ma sai su turo nasu yaran.

Kayan aiki ba su da yawa. Majigi, farin bango ko farin zanin gado, sifika, wayar wuta mai tsawo, da wutar da ba za ta ba ka kunya ba. In babu majigi babbar talabijin ta wadatar wa mutum goma sha, amma gaskiya hoto a bango daban ne, shi ke dawo wa manya da silima. In zani za ka rataya ka goge shi tukuna, ka ja shi ya miƙe sosai, ka ɗaure ƙasansa da dutse ko katako, in ba haka ba iska na kaɗawa fuskar Mithun za ta riƙa lanƙwashewa. Majigin ka ajiye shi kan tebur kamar mita 3 daga bango ka matsa gaba ko baya har hoton ya cika, ka kewaye teburin da kujeru ko benci don yaro a guje ba ya ganin waya. Sauti ya fi hoto muhimmanci a wannan dare, ƙaramar sifikar cikin majigi ba za ta iya da bakin mutum ashirin ba. Ka haɗa babbar sifika da waya in da hali, don ta Bluetooth wani lokaci sauti na makara, baki ya motsa magana ta biyo baya, kuma in wayar wani ta taɓa haɗuwa da ita kiransa na iya faɗowa tsakiyar waƙa.

Ka gwada komai a daren da ya gabata, a daidai wurin, a daidai lokacin. Wannan da ciwo na koye shi. Karon farko na karɓo hayar majigi a wurin wani, ya miƙo min jaka ya ce komai na ciki, ni kuma ban buɗe ba sai da mutane suka zazzauna, ashe babu wayar da ke haɗa shi da kwamfuta. Ƙarfe takwas da rabi na dare muna bin shaguna a babur ni da ƙanena, yara sun gaji sun fara kuka, tsire ya huce, wasu manya biyu suka yi sallama suka tafi kafin mu dawo, kuma su ne na fi so su gani. Har yanzu in na tuna ba na jin daɗi. Ka buɗe jakar a gaban mai ita, ka ƙirga waya ɗaya bayan ɗaya.

Wuta kuwa kar ka sa rai da NEPA, in ta zo alhamdulillahi. In akwai inbata ko sola ka cika batir tun rana ka kashe firji da dutsen guga. In janareta ne ka cika tanki kafin a fara, ka kai shi can nesa a waje inda iska ke wucewa, ba a zaure ba, ba a ɗaki ba, ba ƙarƙashin tagar da wani ke barci ba, hayaƙinsa na kisa ba tare da mutum ya ji warin komai ba kuma mun sha jin gidajen da aka rasa rayuka ta haka. Nisan zai kuma rage maka ƙararsa a kan waƙa. Kar a ƙara masa mai yana aiki.

Yanzu ga zuciyar abin, amshi. Mu ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, makaɗi da 'yan amshinsa, 'yan mata a dandali ana gaɗa ɗaya ta bayar saura su karɓa, yara a tashe, duk tsarin ɗaya ne. Abin da za ka yi kawai ka ɗora shi kan fim. Ka naɗa jagora mutum ɗaya, mai murya, mara jin kunya, wanda kuma ya san lokacin yin shiru, don wani in ka ba shi dama sai ya hana kowa jin fim ɗin. Shi zai riƙe takardar mintocin nan da ka rubuta. Amshin kar ya wuce bakwai ko takwas, fiye da haka mantawa ake yi. Ga irin namu, kai ma ka ƙirƙiro naka.

Duk sanda Oberoi ya bayyana, bos ɗin fim ɗin, attajirin da ya mari yaro Anil, wato aktan da daga baya ya koma Jimmy, ya ɗora masa satar gitar wasa har uwarsa ta ɗauki laifin ta tafi gidan yari a madadinsa, jagora ya ce "wane ne wannan?" kowa ya ce "azzalumi!" a buga ƙafa a ƙasa sau biyu. In ɗansa Sam ne ya fito da taƙamarsa, "ɗan gata, ɗan lele!" cikin muryar zolaya. In David Brown ya fito, wato Om Puri, manajan da ya gaji da wulaƙancin Sam ya tafi neman sabon tauraro, a ce "manaja, Allah ya ja zamani!" Wurin da ya hango Anil na tafe yana rawa shi kaɗai a titi da dare ƙarƙashin fitilu, nan kowa zai kunna tocilan wayarsa ya ɗaga sama yana kaɗawa, amma a haska sama ba bango ba, in ba haka ba hoton zai dushe. Wurin faɗan da 'yan daba ke ƙyasta yatsu kuwa ba sai ka koya wa kowa ba, yara da kansu za su ɗauka, tsakar gida gaba ɗaya ta koma ƙas ƙas ƙas.

Wanda na fi ƙauna shi ne wurin da uwar Jimmy ke ba shi abinci a baki da hannunta, ƙato da shi ya zama tauraro amma sai ta ba shi. A nan jagora zai ce "Allah ya saka wa iyaye", a ce "amin", sannan duk wanda mahaifiyarsa ke wurin ya tashi ya je gabanta ta sa masa gugguru ɗaya a baki. Wallahi ranar da muka fara yin wannan yayanmu babba mai 'ya'ya huɗu ya tsuguna gaban Inna yana ta noƙewa, ita kuma ta riƙe haɓarsa kamar yadda take yi yana ƙarami ta ce "buɗe mana, yau ka girme ni ne?" aka yi ta dariya amma na ga ya juya yana goge ido da hular hannunsa. Ka kula dai in akwai maraya ko wanda bai daɗe da rashin uwa ba a wurin, ka sa wata gwaggo ko anti ta kira shi da kanta tun kafin ya tsaya shi kaɗai.

Sai wurin gitar da aka jona wa wutar lantarki don a kashe Jimmy, uwar ta samu labari ta taho a guje ta riga shi kamawa. Tana gudu kowa na ihu "Inna kar ki taɓa! kar ki taɓa!" da iya ƙarfinsa, amma da ta taɓa, shiru. Wannan doka ce, ka faɗe ta tun farko, minti biyu ba amshi ba dariya ba cin gyaɗa. Shirun nan bayan awa ɗaya da rabi ana hayaniya yana da nauyin da ba zan iya kwatanta maka ba sai ka ji da kanka. Daga nan fim ɗin zai ɗauke ku da kansa, ya tsorata da gita, an karya masa ƙafa, ya hau dandalin gasa ya kasa motsi, budurwarsa Rita ta fito tana kiransa da waƙar da Parvati Khan ta rera, to a nan mata su kira sunan sau uku maza su amsa, ko ɓangaren dama da na hagu in zaman jinsi ɗaya ne. Shahararren aktan nan na da, Rajesh Khanna, na bayyana da gita a hannu kuwa sai tafi, manya ba sa buƙatar a ce musu su yi.

Jakar kayan wasa ba dole ba ce amma yara na mutuwar son ta. 'Yar leda ko ambulan ga kowa, a ciki takardar amshi da manyan haruffa, hankicin takarda na wurin kuka, da gwangwanin madara da aka zuba wa tsakuwa aka liƙe baki don kaɗawa lokacin waƙa. Gitar kwali kuma ka ba yara aikin tun da rana, kwalin taliya da almakashi da zaren buhu da takardar kyalli, su yanka su manna, aikin zai riƙe su har magariba. Abin da ban ɗauko daga Turawa ba shi ne watsa shinkafa da burodi, abinci ba abin jifa ba ne a gidanmu kuma Inna ba za ta yafe ba. Bindigar ruwa ma a'a, ga wayoyin wuta a ƙasa. In ana son abin watsawa a yayyanka tsohuwar takarda ƙanana, a watsa a waƙar ƙarshe, a share da safe.

Shiga kuma kar ka matsa wa mutane su kashe kuɗi. Jimmy fararen kaya ne da masu walƙiya da ɗauri a goshi, to farar riga da farin wando da ƙyallen azurfa a goshi sun gama magana. Wani ya buɗe akwatin babansa ya samo wando mai faɗin ƙafa na zamanin da, wannan shi ne sarkin dare. Mai ƙiba ya sa baƙin tabarau ya rataya sarƙoƙin roba masu ruwan gwal ya zama Bappi Lahiri, don shi da gwal ɗinsa aka san shi har ya rasu a 2022. Mata su naɗa sari da yadi mai tsawo a kan riga mai dogon hannu, ga mayafi ga awarwaro ga lalle, ba wadda ta fita daga suturarta. Kar a sa ɗigon goshi dai, yana da alaƙa da addininsu. Wanda ya zo da kaftaninsa kawai ka ɗaura masa ƙyalle a hula ka ce ya shigo, kar ya ji bare. Manya su ne alƙalan shiga, kyautar ta zama ƙarama, ko sabulu ko katin waya.

Abinci ya zama na hannu wanda ake ci a duhu. Gugguru, gyaɗa, aya, cincin, awara, samosa tunda daren Indiya ne, tsire in aljihu ya yarda, zobo da kunun aya a gora mai murfi ba a kofi ba don za a yi ta tashi ana zama. Da sanyi a ɗora shayi mai citta da kanumfari. Kar ka yi shinkafa da miya, kwano da cokali da mai a tabarma wahala ce, in dole sai an ci abinci mai nauyi a ci kafin a kunna. Teburin abinci can baya nesa da majigi.

A daren kansa ka shimfiɗa tabarmi da darduma a gaba don yara, kujerun roba a baya don manya, ka bar fili a gefe ɗaya na rawa inda inuwar mutum ba za ta faɗa bango ba, ka kunna maganin sauro tun magariba. Mutane na shigowa waƙoƙin na tashi a hankali, kana miƙa musu jaka a ƙofa. Kafin a kunna ka ba wani babba minti biyar ya ba da labarin yadda ya fara ganin fim ɗin, nawa ne kuɗin shiga, da wa ya je, ya aka yi ya dawo gida ba a kama shi ba. Kawuna in ya fara wannan sai an ja masa riga, amma yaran da ba sa zama wuri ɗaya sai ka ga sun yi tsit suna kallon bakinsa. Daga nan jagora ya gwada amshin da mutane, kowanne sau biyu, karon farko murya za ta fito a sanyaye, ya ce "ban ji ba, ko ba ku ci tuwo ba ne?" karo na biyu za ta fito. Ka roƙi kowa kar a ɗauki bidiyon wani a ɗora a intanet sai da izininsa, musamman mata da manya, in mutane suka san za su tsinci kansu a TikTok gobe ba wanda zai motsa.

Ka tsaya hutu a tsakiya kamar yadda silimar Indiya ke yi, minti goma zuwa sha biyar, a zaga bayi, a ƙara shayi, a duba janareta, a yi gasar shiga. Kar ya wuce haka. Kai mai masauki wurinka kusa da rimot ne da takardarka, ba za ka kalli fim ɗin kamar kowa ba, idonka na kan minti da kan ƙofa da kan yaron da ke rarrafawa wajen soket. In mutane suka ce a maimaita waƙa ka maimaita sau ɗaya, babbar waƙar da Vijay Benedict ya rera wadda ake jero haruffan disko ba ta taɓa wucewa ba a ce a dawo da ita ba, amma sau ɗaya tak, in ba haka ba sha biyu za ta same ku kuma ka yi wa maƙwabta alƙawarin sha ɗaya.

Ana gamawa ka kunna fitila, ka kashe sifika nan take, majigin kuma ka bar fankarsa ta gama hucewa kafin ka zare waya. Samari su raka mata da yara har ƙofar gidajensu, wanda ya zo daga nesa dama ka tanadar masa wurin kwana. Tabarmi a naɗe a daren saboda raɓa, shara a bari sai da safe. Washegari ka mayar da kayan haya da wuri, ka rubuta a guruf abin da aka tara da abin da aka kashe har canjin da ya rage, ka aika wa maƙwabta ragowar cincin. Takardar mintocin nan kuma kar ka yar, ka ƙara mata duk wani amshi da wani ya ƙirƙira a daren ya karɓu, namu yanzu ta kai shafi uku, rabinta ba ni na rubuta ba, akwai ma na wata jikar gidan 'yar shekara shida da ta ga Oberoi ya fito ta riga jagora ta ce "ga mugun nan ya dawo, a ɓoye gita!" shi muke faɗa yanzu.